Ruwan Shan Timoti

"Mama, in mutum ya mutu ya je sama, da haƙoransa na duniya zai shiga, ko sababbi za a ba shi?"

Lantana ce ta yi mini wannan tambaya, 'yata ta fari, lokacin tana da shekara bakwai. Muna zaune a tsakar gida muna ɓarar gyaɗa, ni da uwar mijina Iya Kulu da wasu matan maƙwabta, ƙaninta Timoti yana goye a bayana yana barci. Matan suka kwashe da dariya. Iya Kulu ta ɗauki ɓawon gyaɗa ta jefe ta da shi.

"Ke ƙawata, wa ya aiko ki da zancen mutuwa da rana tsaka? Ni da rabin nawa suka zube ban tambaya ba, sai ke?"

Ni dai ban yi dariya ba, don na ga yadda ta yi maganar. Hannunta yana kan bakinta, kalmomin ta tsakanin yatsu suke fitowa. Na bari sai da matan suka shiga wani zance, sannan na ja ta ɗaki na tambaye ta abin da ya faru a makaranta.

A shekarun nan na mulkin soja, tsabta ta zama doka. Kowace safiya yara suna yin layi, malami ya bi su yana duba farce da kai da baki. Ran nan malaminsu ya fitar da ita gaban layi, ita da wasu yaran ƙauyenmu, ya ce ƙazamai ne, ba sa wanke baki, ya sa su durƙusa a rana. Da aka tashi, yaran wasu ƙauyuka suka bi su suna kiransu masu haƙorin tsatsa.

"Kuma ai ina wankewa, Mama. Ke ma kin sani."

Na sani ƙwarai. Tun da ta yi famfara, haƙoran yarinta suka zube, sababbin suka fito da wani irin fari-fari kamar an shafa alli, daga baya wani zane ruwan ƙasa ya ratsa na gaban guda biyu. Babu abin da ban gwada ba. Asuwaki, gawayi, gishiri, toka, har lemun tsami. Na dirza har dasashinta ya yi jini, abin yana nan inda yake.

Iya Kulu ba ta taɓa ɗaukarsa wata damuwa ba. Ta leƙo ɗakin ta same mu, ta ce, "Judith, ki bar yarinyar nan ta huta. A zamaninmu sai budurwa ta nemo furen taba da goro, ta wuni tana gogawa kafin haƙoranta su yi ja, samari su bi ta da kallo. Wannan Allah ya yi mata nata kyauta, ke kina neman kankarewa."

"Iya, yanzu ba a yayin fure."

"Yayi ai juyawa yake. Ki jira."

A raina dai na riga na yanke cewa zan kai yarinyar asibiti.

Mijina Barnaba bai hana ba, sai dai ya ce in yi la'akari da halin da ake ciki. Lokacin komai ya yi tsada, taki ya gagari manomi, fetur sai a hannun 'yan bumburutu. Na kama kajina biyu na sayar. Daga ƙauyenmu, Gidan Sada, muka taka zuwa Saulawa, muka samu mota zuwa Ikara, a can muka zauna a tasha har rana ta ɗaga kafin a samu motar Zariya mai mai a cikinta. An cusa mu kamar buhunan masara, Lantana a cinyata, Timoti a ƙirjina.

Likitar haƙorin da muka samu mace ce, ba ta girme ni sosai ba, Hausarta irin ta mutanen Jos. Ta haska bakin Lantana, ta ɗan ƙwanƙwasa haƙoran da wani ƙarfe, ta tambaye ta ko suna ciwo. Ta ce a'a.

"Tana haɗiye man goge baki?"

"Likita, da wannan tsadar wa ke sayen man goge baki? Asuwaki muke yi."

Ta yi murmushi. "To wane ruwa kuke sha?"

Nan na gyara zama, don a kan ruwa ba ni da abin jin kunya. Na gaya mata muna da famfon tuƙa-tuƙa a ƙofar gidanmu, gwamnati ta haƙa shi ina da cikin Lantana. Da injin aka huda dutse har ƙasa can. Ruwansa garau, ko ɗigon laka babu. Na ce tun daga ranar da yarinyar ta fara shan ruwa ba ta taɓa sa ruwan rafi ko na kududdufi a bakinta ba, kuma ko na famfon ma sai na tafasa mata.

Likitar ta ajiye ƙarfen hannunta. Ta ce wannan abin da nake gani ba datti ba ne, in daina dirza, lemun tsamin ma cin haƙorin yake yi. Ta ce akwai wani sinadari da ake kira fuloraid, yana cikin wasu duwatsu na ƙarƙashin ƙasa, yana narkewa ya shiga ruwa. Ba ya da launi, ba ya da wari. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, amma in ya yi yawa, yana ɓata haƙoran yaro tun suna cikin dasashi ba su fito ba, daga haihuwa har wajen shekara takwas.

"Amma ina tafasawa."

"Tafasa tana kashe ƙwayoyin cuta, kin yi daidai. Wannan kuwa ba ya mutuwa, don ba rai gare shi ba. In ruwan ya ƙone ya ragu a tukunya ma, ƙara yawa yake yi a cikin wanda ya saura."

Na tambaye ta maganin da zai wanke shi. Ta dubi Lantana tukuna, sannan ta rage murya ta ce ba ya wankuwa. In ta girma, akwai aikin da ake yi a rufe gaban haƙorin, ga mai hali. Sai ta miƙo hannu ta ɗaga zanen da na rufe kan Timoti da shi.

"Wannan fa, watansa nawa?"

"Bakwai. Ya fara shan koko."

"Da wane ruwa kike dama masa?"

Ba ta jira amsata ba. Ta taɓa kumatunsa da yatsa ta ce, "Haƙoran da zai yi girma da su suna nan ciki, yanzu haka ake gina su. Na yayarsa na gaba sun riga sun wuce. Nasa ba su wuce ba."

Na ce to a auna mana ruwan. Ta ce ita ma abin da take so ke nan, don ba za ta rantse a kan ruwan da ba ta auna ba. Amma inda ake awon, maganin gwajin ya ƙare tun bara, ba a kawo wani ba. Ta ce in koma gida in buɗe ido. In duba bakin yaran da suka tashi a kan famfon, in duba na waɗanda suka tashi a kan wani ruwa. In duk masu tabon 'yan famfo ne, to na samu amsata. In kuma na ga ruwan da yara suka girma a kansa haƙoransu lafiya, shi zan riƙa ba Timoti, in tace in tafasa.

Har mun kai ƙofa ta sake kirana. "Maman Lantana, kada ki ji wannan ki koma kududdufi. Tabon haƙori ba ya kisa."

Washegari da safe, bayan an karya kumallo, na faɗa wa mutanen gida. Barnaba yana zaune a kan turmi yana wasa lauje. Shi ne aka koya wa gyaran famfon tun da aka haƙa, sifanar ma a ɗakinsa take kwana, in famfon ya yi tari shi ake kira. Ya saurare ni har na gama bai ɗago ba.

"Ruwan da injiniyoyi suka haƙa da injin, shi ne yau ba shi da kyau?"

"Ban ce ba shi da kyau ba, Maigida. Ta ce mu manya ba haƙoranmu zai taɓa ba. Yara ƙanana ne."

"In wannan magana ta fita, kin san mutanenmu. Ba za su ji 'yara ƙanana' ba. Za su ji an ce famfo guba ne, gobe ki ga mata da tuluna a bakin kududdufi."

Iya Kulu ta bari ya gama. Sannan ta miƙe ƙafarta ta dama, ta ja zane zuwa gwiwa. Na sha ganin tabban nan, amma ban taɓa ganin ta nuna su da gangan ba. Daga idon sawu zuwa ƙwauri, ramuka ne baƙaƙe inda kurkunu ya fito mata shekara bayan shekara.

"Duba nan, 'yar nan. Damina guda na yi a kwance ana naɗe tsutsa a tsinke, gonata ta zama daji. Yayyen mijinki biyu, amai da gudawa ya ɗauke su a mako ɗaya. Tun da famfon nan ya zo ban ƙara binne yaro ba. Yanzu don haƙori za ki ɗauke mini angona daga ruwan da ya raya yayarsa?" Angonta shi ne Timoti, haka take kiransa tun ranar suna. "Jan haƙori da kabari, wanne kika zaɓa?"

Gaskiya ta faɗa. Na durƙusa na ce, "Iya, ba zan ba shi abin da zai kwantar da shi ba. Ki ba ni dama in nema. In ban samu ruwan da ke da kanki za ki yarda da shi ba, ya ci gaba da shan famfo, ba za ki ƙara jin bakina ba."

Ta sauke zanenta. "Na ji. Amma da idona zan gani."

Na fara zuwa makaranta na samu malamin, na gaya masa abin da likita ta ce. Mutumin kirki ne, kunya ta kama shi, ya ce wallahi shi datti ya ɗauka. Daga ranar bai sake fitar da yaranmu gaban layi ba.

Sai batun duba bakin yara. Ba yadda za a yi mace ta tare ɗan mutane a hanya ta ce buɗe bakinka in gani, ai sai a ce mayya ce. Na soya ƙuli-ƙuli cikin faranti, na zauna a gindin tsamiyar da ke mararrabar makaranta lokacin tashi. Duk wanda ya zo na ba shi ɗaya kyauta, in ce ya ciza a gabana in ji ko ya yi tauri. Yaro ba ya cizon ƙuli-ƙuli da baki a rufe. Ina kallo, ina tambaya, ɗan gidan wa, ina kuke ɗibar ruwa. In ya juya zai tafi kuma in bi ƙafafunsa da kallo, ko akwai tabon kurkunu.

Ba a daɗe ba matan ƙauye suka sa mini suna Duba-gari. Maƙwabciyata Veronica, in ta hango ni da faranti, sai ta ɗaga murya, "Ku ɓoye haƙoranku, ga hukuma nan tafe!"

Abin da na gani bai ba ni dariya ba. Yaran Gidan Sada da aka haifa bayan zuwan famfo, da wuya ka samu wanda ba shi da tabon, wani kaɗan, wani ya fi na Lantana. Yayyensu da suka riga famfon girma, haƙoransu fes. Yaran ƙauyukan da ke shan rafi, baki lafiya, amma da yawansu ƙafa da tabo. Sai wasu yara da ke zuwa daga hayin fadama, unguwar Malam Uwaisu. Su kam sama lafiya, ƙasa lafiya. Na tambayi wata yarinya a cikinsu, ta ce rijiya gare su a cikin gida, kakansu ya haƙa da hannu, an ɗaure bakinta da siminti, tana da murfi.

Mutanen unguwar Malam Uwaisu Musulmi ne, mu kuma Kirista. Muna haɗuwa a kasuwa da wurin gaisuwar mutuwa, amma tun tashe-tashen hankulan da aka yi a jihar a shekarun nan, shiga gidan juna ya yi ƙaranci. Na kwana biyu ina juya abin. Ranar da na shirya, sai na ga Iya Kulu ta fito da sandarta da mayafinta na zuwa coci.

"Na ce miki da idona zan gani. Kuma uwar Uwaisu tare muka yi tallar fura muna 'yan mata. Wuce mu je."

Muka ratsa fadama ta cikin gonakin rake. A zauren gidan Malam Uwaisu muka yi sallama, aka ce mu shiga. Matar gidan, Zulaihatu, ta shimfiɗa mana tabarma, ta durƙusa ta gaida Iya. An gaisa an sake gaisawa, gajiya, gida, yara, amfanin gona, waɗanda suka rasu tun rabuwa. Ta kawo ruwa a kwanon sha. Iya Kulu ta karɓa, ta ɗaga shi wajen haske ta daɗe tana kallo, ta kurɓa, ta juya shi a baki kamar mai ɗanɗana miya.

Da na faɗi abin da ya kawo mu, Zulaihatu ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah. Mu da muke jin haushinku, an ba ku famfon gwamnati an tsallake mu, yau ku ne da roƙon ruwan rijiya?"

"Ba na gida duka ba, Maman yara. Tulu ɗaya, na yara."

Ta karɓi Timoti ta ɗaga shi sama, ya yi mata dariya da dasashi. "Wannan tsohon da ba shi da haƙori ko ɗaya, shi ake wa wannan wahala?" Ta ce in jira, ta leƙa zaure ta yi magana da Malam. Ta dawo ta ce Malam ya ce ba a hana ruwa, ko ga wanda ba a sani ba balle maƙwabci. Sharaɗi biyu kawai. Da gugansu zan ja, kada in zo da nawa. In bazara ta yi rijiya ta ja baya, sai an raba abin da ya samu.

Iya Kulu kuwa ta riga ta tashi. Ta je ta buɗe murfin ta leƙa, ta zagaya bakin rijiyar tana bubbuga simintin da sanda, ta tambayi inda bayan gidansu yake, aka nuna mata can ƙarshen katanga. Ta kira yaran gidan ɗaya bayan ɗaya ta duba ƙafafunsu. Har tsohuwar gidan ba ta ƙyale ba, ƙawar tata ta dā, sai da ta sa ta nuna ƙwauri, suna zagin juna suna dariya. A hanyar dawowa ba ta ce ta yarda ba. Cewa ta yi, "Akwai wani farin ƙyalle a cikin aduduna, sabo ne. Da shi za ki riƙa tacewa. Kuma ni zan riƙa duba tafasar."

Haka muka fara. Kowace safiya in na gama shara, in ɗauki tulu da gammo in haye fadama. In tace, in tafasa, in juye a wata ƙaramar randa da na ajiye a ɗakina, na ɗaura mata jan ƙyalle a wuya don kada a rikita. Da shi ake dama kokon Timoti, da shi ake dafa ɗan abin da zai ci. Lantana ma daga nan take sha, don likita ta ce haƙoranta na ciki, turame, ba su gama ba. Wanka da wanki da girkin manya, famfo.

Ɗaukar tulun ba shi ne wahalar ba. Wahalar ta zo da Timoti ya fara tafiya. A ƙauye yaro na kowa ne, duk gidan da ƙishi ya kama shi a nan zai sha, kuma babu macen da za ta ga yaro yana lasar leɓe ta hana shi moɗa. Na samo ɗan gora na rataya masa a wuya, na bi gida-gida ina roƙo, in ya nemi ruwa a ba shi na gorarsa. Wasu suka ce to. Wasu suka ce to, da na juya baya suka taɓe baki.

Wata rana na shiga gidan Veronica na tarar ta kafa masa moɗa a baki. Ban san lokacin da na fizge ba, ruwan ya zube mata a zane.

"Judith! Ruwan gidana guba ne? Nawa 'ya'yan da suke sha karnuka ne?"

"Yi haƙuri, Yaya, hannuna ne ya riga bakina."

"Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin an ƙwace ruwa a bakin yaro ba. Ko maƙiyi ba a yi masa haka."

Ta yi makonni ba ta amsa gaisuwata. A zumuntar mata ta coci in na zauna nan, sai ta koma can. Iya Kulu ce ta shirya mu. Ta je ta same ta ta ce, "Kurɓa ɗaya ba ta ɓata haƙori, wannan yarinya ta yi wauta. Amma ke ma kira 'yarki ki duba bakinta, sannan ki dubi wanda ke bayanki." Veronica tana da goyo lokacin. Bayan kwanaki na fito da tulu na same ta a bakin hanya da nata.

"Kada ki ce mini komai," in ji ta. "Rake zan je saya."

Barnaba bai taɓa cewa na yi daidai ba, ba halinsa ba ne. Amma da damina ta kusa, sai ga shi da duro a kan keke, ya wanke shi ya sake wankewa. Rufin gidanmu na ciyawa ne, na coci ne kawai na kwano. Ya nemi izinin fasto, ya tsaga gwangwani ya yi indararo a gefen cocin, ya kafa duron a ƙasa da murfi. In an yi ruwan farko a bar shi ya wanke rufin, na bayansa a tara. Duk damina na huta da haye fadama, har wasu matan suka kawo nasu tukwanen. Famfon kuma yana nan, yana gyara shi kamar kullum, ba wanda ya koma kududdufi.

Rani ne mai wuya. Akwai shekarar da rijiyar ta ja baya har guga yana dawowa da rabi, ni da Zulaihatu mu zauna a bakinta muna jira ta taru, tana tsefe wa 'yarta kai, ina tsinke mata zogale. Akwai ranakun da zazzaɓi ya kwantar da ni, Barnaba ya je ƙofar zauren Malam da jarka a kan keke, yaran gidan su cika masa. Akwai kuma ranakun da na san Timoti ya sha famfo a wajen wasa, don yaro yaro ne. Abin da ya fi damuna shi ne babu yadda zan san ko wahalar tana aiki. Haƙoransa na yarinta farare ne, amma na Lantana ma ai kusan haka suke kafin famfara. Wasu matan da suka fara bin mu suka gaji suka bari. Ba na ganin laifinsu. Mutum yana ɗaukar tulu shekara da shekaru saboda abin da ke ɓoye cikin dasashi.

Timoti yana cikin shekara ta bakwai haƙorinsa na ƙasa ya fara girgiɗi. Wata rana yana shan rake a ƙofar gida, sai ga shi da gudu, jini a leɓe, haƙori a tafin hannu. Iya Kulu, wadda lokacin ido ya fara yi mata nauyi, ta kama shi tana dariya.

"Angona ya tsufa! Maza rufe bakinka, kada ƙadangare ya ga giɓin. In ya gani, wani ba zai fito ba."

Wannan wasa na Iya ya ja mini. Yaron ya ɗauki maganar da gaske, ya ɗinke bakinsa. Gidanmu kuwa ko'ina ƙadangaru ne a kan katanga. In na ce buɗe in gani, sai ya girgiza kai ya nuna mini bango. Abinci ma sai ya shiga ɗaki ya juya baya. Na lallashe shi, na yi masa alkawarin alewa, ya ƙi. Na biyun ya faɗi, nan ma bai bari na gani ba. Ina ji ina gani na haƙura.

Lantana ce ta kawo ƙarshen abin. Ta zama budurwa lokacin, tana makarantar gaba da firamare a Ikara, ta zo hutu. Yarinya ce mai ƙoƙari, ga murya, amma ko a ƙungiyar waƙa ta coci a layin baya take tsayawa. Ran nan da hantsi ta ɗauki tsintsiya ta bi katanga ta kore ƙadangarun kaf, ta dawo ta tsaya a kansa.

"To, sarkin tsoro, babu ko ɗaya. Buɗe."

Ya waiga hagu, ya waiga dama. Ya buɗe.

Na durƙusa na kama haɓarsa na juya shi wajen rana. Guda biyu ne a ƙasa, sun fito kusan rabi, bakinsu da 'yan tsage-tsage irin na sabon haƙori. Farare ne, suna sheƙi. A gefen ɗaya akwai ɗan ɗigon fari kamar ƙwayar gero, wanda sai ka nema za ka gani. Babu allin nan, babu zane. Na goge da bakin zanena na sake dubawa.

"Yaya?" in ji Iya Kulu daga inuwa. "Ku gaya mini mana, ni ba gani nake ba."

"Lafiya lau suke, Iya."

"To madalla. Sai a bar mini angona ya ci abinci a waje kamar mutane."

Lantana ta sunkuya ita ma ta duba. Ta daɗe tana kallo, fiye da yadda na yi. Sannan ta dungure masa kai.

"Kamar na zomo. Sai ka riƙa dariya da yawa, ka ji ko? Kada in ga kana rufewa."

Ta ɗauki tsintsiyarta ta shiga ɗaki. Na so in bi ta, Barnaba ya yi mini alama da hannu in bar ta tukuna. Na tsaya a tsakar gida riƙe da hannun Timoti. Na sama ba su fito ba, turame ma da saura, don haka gobe ma akwai haye fadama.

Ke da kike karanta wannan, in kina da goyo ko ɗan da bai kai shekara takwas ba, kada hasken ruwa ya ruɗe ki. Je ki dubi bakin yaran da suka girma a kan ruwan da kike ba shi. In kin ga fari kamar alli ko zane ruwan ƙasa a haƙoransu, kada ki tsaya dirza, kada ki dogara da tafasa. Ki kai yaro a duba shi, ki nemi a auna ruwan, ki sama wa ƙaramin wani ruwa mai tsabta tun haƙoransa suna ciki. Kada kuma ki gudu daga famfo ki faɗa kududdufi. In kika jira sai kin gani a bakin naki ɗan, kin makara.